Gaiwa: Kifin da ke kwana a ƙarƙashin busasshiyar fadamar Gobir

Kamar yadda muka saba, ga shirinmu na wannan mako a rubuce, saboda 'yan uwan da data ba ta ishe su su saurara ba, ko kuma waɗanda sabis ɗin garinsu sai an hau tudu.

Yau maganar kifi za mu yi. Na san wani zai ce, kifi kuma? To ka ɗan yi haƙuri ka bi ni, in mun kai ƙarshe sai ka yanke hukunci.

Abin da ya jawo maganar shi ne, wani ƙanenmu ɗan Isa da ke neman kuɗi a Legas ya turo mini bidiyo. Yana tsaye a bakin ruwan nan na Legas da ke tsakanin gari da teku, sai ga wasu kifaye farare masu sheƙi suna ta tsalle sama suna faɗawa. Ya ce mini, “Yaya, wane irin kifi ne wannan? Kuma muna da irinsa a gulbinmu?”

Amsa a taƙaice: kifin nan Turawa na kiransa malet, Larabawan Masar kuma su ce masa buri, kuma babu shi a Gulbin Rima. Amma muna da wani wanda in ka ji yadda yake rayuwa, za ka manta da tsallen na Legas. Bari in fara sallamar baƙo tukuna, sannan mu dawo kan ɗan gida.

Shi malet kifin gaɓar teku ne. Nau'insa da aka fi sani, masana na kiransa Mugil cephalus, kuma tun 1758 masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya raɗa masa sunan. Ana samunsa a gaɓar tekunan duniya masu ɗumi, har da namu na Legas da yankin Neja Delta. Kansa a baje yake, jikinsa mulmulalle, yawanci bai cika wuce rabin mita ba. Yana yawo ne garke-garke a ruwa marar zurfi, inda kogi ke zuba cikin teku.

Abu biyu ne suka sa ya yi fice. Na farko, ruwan gishiri da ruwan daɗi duk nasa ne. Kifin gulbi in ka jefa shi teku, gishiri zai zuƙe ruwan jikinsa ya mutu. Kifin teku kuma in ka kawo shi gulbi, ruwa zai yi ta shiga jikinsa har ya illata shi. Shi kuwa malet in yana teku sai ya riƙa shan ruwan yana fitar da gishirin ta jajayen matatun numfashin nan da ke gefen kansa, waɗanda ake cirewa in ana gyaran kifi. In ya shigo ruwan daɗi sai ya juya tsarin: ya rage sha, ya riƙa yawan fitsari, ya riƙe gishirin jikinsa. Na biyu, laka yake ci. Yana kwasar taɓon ƙasan ruwa ya tace gansakuka da ruɓaɓɓun ganyaye da ƙananan halittu, kuma cikinsa na da wani ɓangare mai kauri kamar ƙundun kaza da ke niƙe su. A Masar kiwonsa ake yi sosai, a Muritaniya kuma akwai masuntan Imragen da suka daɗe suna busar da shi da ƙwansa.

To me ya hana shi zuwa wurinmu? Haihuwa. Malet ba ya zuba ƙwai sai a cikin teku. Manyan su fita can su yi ƙwai, 'ya'yan in sun ɗan tasa su dawo bakin koguna su girma. Ka ga kifin da dole sai ya koma teku ya haihu ba zai yi ƙaura zuwa Sabon Birni ba. Ko da ma ya yi niyya, ga madatsar Jebba ga ta Kainji, wadda aka gama tun 1968, sun tare hanya a kan Kogin Kwara.

Shi ke nan, mun sallami baƙo. Matsalarsa gishiri ce, kuma Allah ya ba shi maganinta. Mu a nan matsalar kifinmu ba gishiri ba ce. Matsalarsa ita ce ruwan ma gaba ɗaya tafiya yake yi.

Duk wanda ya tashi tsakanin Isa da Sabon Birni ya san wannan. Ruwan sama na gaske daga Yuni ne zuwa Satumba. Bunsuru da Gagare su kwaso ruwa daga ƙasar Katsina da Zamfara su haɗu a wajejen Shinkafi da Isa. Gulbin Maraɗi kuma, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sai ya sake dawowa Najeriya ya faɗa Rima a ɓangaren Sabon Birni. In suka cika sai ruwa ya malala fadama, tafkuna su cika, ko'ina kore shar. Daga nan ruwan ya gangara Goronyo da Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kwara. A bakin wannan gulbin ne ma Gobirawa suka kafa Alkalawa, babban birninsu da ya faɗi a 1808. Amma da an shiga hunturu sai ruwa ya fara ja da baya. Kafin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tafkin da ka yi iyo a ciki ya zama fili, ƙasa ta tsattsage har ƙafar yaro na faɗawa.

Karfasa da ƙurungu da ragon ruwa, duk wanda bai bi ruwa ya koma gulbi ko wani gurbi mai zurfi ba, ya zama abincin balbela da shirwa da yaran gari. Tarwaɗa tana ɗan jurewa, don tana iya shaƙar iska, tana ma iya jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta nemi wani ruwan. Amma in laka ta bushe ƙarƙaf, ita ma ta gama. Kifi ɗaya ne yake tsayawa a wurin ya ce ba inda za shi. Ita ce gaiwa, wadda a wasu wurare ake kira mai mama.

Ni dai ranar da na fara ganinta ba zan manta ba. Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya, an kai ni hutu wurin kawuna a wani ƙauye da ke bakin fadama. Bazara ce, ana haƙar yumɓu a busasshen tafki za a yi tubali. Aka ba ni 'yar diga ina taya su. Na kafta sai na ga wani dunƙule ya ɓallo, da wata fata-fata mai ruwan ƙasa a jikinsa kamar busasshen ganye. Na ɗauka saiwar icce ce, na ɗaga diga zan ƙara sara. Sai kawu ya daka mini tsawa: “Kai yaro, tsaya! Kak ka sare ta. Wagga ba saiwa ta ba, gaiwa ta. Kwana takai.”

Na ce, “Kawu, kifi a cikin ƙasa?”

Ya yi dariya ya ce, “Ɗauko ta da ƙasatta, mu tai gida ka ga ikon Allah.”

Muka kai ta gida, ya sa ta a tsohon kwatanniya ya zuba ruwa. Na tsuguna ina gadi har na gaji na tafi wasa. Da na dawo bayan la'asar, ƙasar ta narke, fatar nan ta saɓule, ga wani abu dogo kamar maciji yana motsi a hankali. Can sai ya ɗago kai saman ruwa, ya buɗe baki ya haɗiyi iska, ya koma. Wallahi da gudu na bar wurin. Sai da na girma na yi karatu sannan na gane abin da na gani ran nan, kuma shi nake so in warware muku yau daki-daki.

Mu fara da siffarta. Gaiwa doguwa ce, mulmulalliya, bayanta ruwan toka ko ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi, cikinta ya fi haske. Babba tana iya kai mita guda, nauyinta ya kai kilo huɗu, ko da yake waɗanda aka fi kamawa ba su kai haka ba. Tana da ɓawo, amma ƙanana ne kuma a nutse cikin fata, ga yauƙi, shi ya sa take da santsi kamar tarwaɗa. Idanunta ƙanana, ganinta ba shi da ƙarfi, da sansana da jin motsin ruwa take neman abinci. Maimakon fuka-fukan da muka sani a jikin kifi, ita wasu siraran abubuwa huɗu gare ta kamar igiya, biyu a gaba kusa da kai, biyu a baya. A 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun ɗauki bidiyonta a cikin tanki, suka nuna cewa da na bayan nan take takawa a ƙasan ruwa, tana ɗaga jikinta, wani lokaci ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya da ƙafa.

Bakinta kuwa a kiyaye. Ba jerin haƙora gare ta ba irin na tsage, wasu faranta ne masu kaifi da ƙarfi sama da ƙasa, waɗanda take fasa katantanwa da su. Tana cin kwaɗi da 'ya'yansu, da ƙwarin ruwa, da tsutsotsi, da ƙananan kifaye, har da 'ya'yan ciyayi da saiwoyi. Duk masuncin da ya san ta ba ya wasa da yatsansa kusa da bakinta.

Amma babban sirrinta yana ciki. Gaiwa tana da huhu, guda biyu, shimfiɗe a tsawon cikinta ta wajen baya, da ƙananan ɗakuna a ciki da jini ke ratsawa ya ɗebi iskar oksijin. Tana da matatun numfashi irin na sauran kifaye, amma nata sun ƙanƙance, ba sa isarta. Saboda haka dole ne lokaci-lokaci ta taso sama ta shaƙi iska. Ma'ana, in ka danne gaiwa a ƙarƙashin ruwa ka hana ta tasowa, nutsewa za ta yi ta mutu kamar ɗan Adam. Kifi fa! Shi ya sa masunta kan tarar da ita a mace in ta kwana a cikin raga ko tarkon da ya nutse gaba ɗaya. Kuma wannan huhun ne ya sa take jin daɗin ruwan da sauran kifaye ke gudu: kududdufi mai ɗumi, mai ciyawa, marar gudu, wanda iskar cikinsa ta yi ƙaranci.

To yanzu ga yadda take yi in ruwa ya fara ƙafewa. Tun laka na da taushi take fara haƙa, kai a gaba. Ba ta da hannu, da baki take yi: ta gatsi laka, ta fitar da ita ta kafofin gefen kanta, tana murɗa jiki tana nutsawa. Ramin kan kai daga taƙi guda zuwa kamu guda. In ta kai inda take so sai ta faɗaɗa wurin, ta juyo kanta ya dubi sama, ta naɗe jikinta biyu, wutsiya ta rufe fuska. Muddin akwai sauran ruwa a ramin, tana tasowa bakin rami ta shaƙi iska ta koma. Da ruwan ya janye sai fatarta ta riƙa fitar da yauƙi mai yawa, yauƙin ya bushe ya zama kwanso ya lulluɓe ta gaba ɗaya, sai 'yar kafa guda daidai bakinta. Wannan kwanson shi ne fatar da na ɗauka busasshen ganye ne. Ramin da ta bi ta shiga kuma shi ne tagarta, ta nan iska ke isa gare ta.

An daɗe ana ɗauka kwanson nan busasshen yauƙi ne kawai da ke hana ruwan jikinta tsiyayewa. Sai a 2021 masu bincike a Jami'ar New Mexico suka wallafa cewa kwanson rayayye ne, cike yake da ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, waɗanda ke tare ƙwayoyin cutar da ke cikin ƙasa kada su shiga jikinta. Wato riga ce, kuma garkuwa ce.

Daga nan sai ta rage komai. Bugun zuciya ya ragu, numfashi ya ragu, ba ci, ba sha, ba fitsari, ba kashi. Kamar wayar da caji ya kusa ƙarewa ka kashe data da hasken fuska don ta kai ka dare. A haka za ta zauna wata bakwai ko takwas, har damina ta dawo. A ɗakin bincike ma an ajiye gaiwa cikin kwansonta fiye da shekara uku, aka zuba ruwa ta farka.

Nan tambayoyi biyu suke tasowa, kuma amsarsu ce ta fi burge ni.

Ta farko: me take ci? Kun san maganar da manya ke yi, cewa gaiwa jikinta take ci. Har akan kwatanta ɗan kasuwar da ya koma cin uwar kuɗinsa da ita. Da ina yaro na ɗauka wutsiyarta take gatsa tana haɗiyewa a cikin rami. Ba haka ba ne, amma maganar manya ba ta faɗi ƙasa ba. Abin da ke faruwa shi ne jikinta na narkar da kitsen da ta tara da kuma tsokar naman jikinta a hankali, yana mayar da su makamashi. Shi ya sa gaiwar da aka haƙo a ƙarshen bazara take a rame, ba kamar ta farkon rani ba. Sannan in suna cikin ruwa sukan gatsi juna a wutsiya ko a siraran gaɓoɓin nan, kuma abin da ya guntule yana sake tsirowa. Wanda ya ga gaiwa da guntuwar wutsiya, ya kuma ga ta fito daga rami a rame, ai ba laifinsa in ya ce cin kanta take yi.

Ta biyu: in ba ta fitsari, ina dattin jikinta ke zuwa? Duk halittar da ke narkar da nama tana samar da wani guba da ake kira amoniya, shi ne warin nan mai hawa kai da kake ji a makewayin da ba a wankewa. Kifi a cikin ruwa ba ruwansa, yana fitarwa ruwa na tafiya da shi. Gaiwa a cikin rami ba ta da wannan gatan, in amoniya ta taru za ta kashe ta. Sai hantarta ta riƙa juya amoniyar tana mayar da ita yuriya. E, yuriya dai da ka sani, sinadarin da ke cikin farin takin zamani da ake zuba wa masara da shinkafa. Yuriya ba ta da guba kamar amoniya, don haka sai ta yi ta tara ta a jiki wata da watanni. Ranar da ruwa ya sauka ya jiƙa ramin, ta farka, ta fasa kwanso, ta fitar da abin da ta tara cikin 'yan kwanaki. Wani masanin aikin ƙoda ɗan Amurka, Homer Smith, ya yi shekaru yana nazarin wannan a jikin 'yar uwar gaiwarmu ta gabashin Afirka, har ya rubuta littafi mai suna Kamongo a 1932, wanda shi ne sunan kifin a can. Har yau masu binciken ciwon ƙoda da ramewar tsoka suna sha'awar sanin yadda take yin wannan ba tare da ta lalace ba.

In ta farka kuma ba ta ɓata lokaci, don ta san damina gajeriya ce. Ta ci ta murmure, sai haihuwa. A nan namijin ne mai aiki. Shi ke haƙa gurbi a cikin ciyawar ruwa marar zurfi, macen ta zo ta zuba ƙwai ta tafi abinta. Shi zai zauna gadi, yana kaɗa wutsiya don ruwan gurbin ya riƙa motsi ƙwai su sami iska, kuma duk abin da ya matso zai kai masa cizo. Cikin kamar mako guda ƙwai su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan in ka gan su za ka rantse 'ya'yan kwaɗi ne, da wasu 'yan gashi-gashi a gefen kai da suke numfashi da su kafin huhunsu ya ƙosa. Sukan manne a bangon gurbin, uban na tsaronsu, sai sun yi wajen mako uku sannan su watse. Wani Bature ɗan Ingila, John Samuel Budgett, shi ya fara rubuta bayanin wannan gurbi bayan ya je Kogin Gambiya a wajejen 1899 da 1900, kuma masuntan wurin ne suka nuna masa. Daga Gambiyar ne ma aka kai samfurin da Richard Owen ya yi bayaninsa a Landan a 1839. Sunanta na kimiyya a yau Protopterus annectens.

Ka lura da wannan: abin da Bature ya tsallako teku ya rubuta har sunansa ya shiga tarihi, Sarkin Ruwan ƙauyenku ya san shi tun yana yaro. Bambancin kawai, wancan ya rubuta.

A duk duniya nau'i shida ne kacal na kifi mai huhu irin wannan suka rage: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya. Masana sun tono burbushin danginsu a duwatsun da suka ƙiyasta sun kai shekara miliyan 400, kuma suna cewa a cikin kifayen da ke raye babu wanda tsarin jikinsa ya fi kusa da na dabbobin tudu masu ƙafa huɗu kamar su. A 2021 aka karanta kundin gadonta na DNA gaba ɗaya, aka tarar yana da haruffa kusan biliyan 40. Na ɗan Adam biliyan 3 ne da 'yan kai. Wato na gaiwa ya ninka namu fiye da sau goma. Wannan abin da muke takawa a fadama ba mu ko waiwaya.

To, ina matsalar take? Don ba labarin ban mamaki kawai na zo ba ku ba.

Duk dabarar gaiwa a kan abu biyu ta dogara: ruwa ya zo ya malala fadama a kan lokaci, kuma ƙasar da ta kwanta a ciki a bar ta har ruwan ya dawo. Duka biyun yanzu suna canzawa a gabanmu.

Na ɗaya, an daddatse gulaben. Akwai madatsar Jibiya a kan Gulbin Maraɗi, akwai ta Zobe a ƙasar Dutsin-ma a kan ruwan da ke gangarowa Bunsuru, ga ta Goronyo a ƙasa da mu wadda aka gama a 1984. Madatsu suna da amfaninsu, ruwan sha da noman rani, ba wanda ya musa. Amma suna canza lokacin da ruwa ke zuwa da yawan da ke malala. Wani tafkin da a da yake cika duk shekara, yanzu sai shekarar ambaliya, irin ta 2010 da ta yi ɓarna a ƙasar Goronyo da kewaye. Gaiwa na iya jiran shekara guda, wataƙila biyu, amma ba ta haihuwa a cikin rami.

Na biyu, noman rani ya shiga inda a da ba a taɓawa. Da injin ban ruwa da rijiyar burtsatse, gindin tafki ya zama gonar albasa da tattasai da alkama. Alheri ne, da shi gidaje da yawa ke ci. Sai dai garma da fartanya suna bi ta kan ramukan, kuma kwanson nan in ya yage tun rani da saura, ruwan jikinta zai tsiyaye ta mutu. Haka masu haƙar yumɓu irin mu ran nan.

Na uku, guba. Maganin ƙwari da na ciyawa da ake fesawa a fadama, ƙarshensa cikin kududdufi yake taruwa, daidai inda 'ya'yanta ke girma. Balle masu zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a ruwa da gangan don kifi ya taso. Wannan ba su ba ne, kisan kiyashi ne, kuma gubar tana komawa cikin wanda ya ci. Ga kuma masu jan gidan sauro a ruwa, suna kwashe 'ya'yan kifin da ko ɗan yatsa ba su kai ba.

Na huɗu kuwa ba sai na faɗa ba, duk ɗan Isa da Sabon Birni ya san halin tsaron da muke ciki shekarun nan. Akwai fadamun da mutane ba sa iya zuwa, akwai ƙauyukan da suka watse. Wani zai ce ai kifi ya huta ke nan. Wataƙila. Amma ilimin fa? Dattijon da ke iya duban tsagaggiyar ƙasa ya nuna maka 'yar kafar da gaiwa ke numfashi ta ciki, yanzu yana zaune a gari gidan wani, jikokinsa ba su taɓa taka tafkin ba. Kawuna ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma ban taɓa zama na tambaye shi yadda yake gane ramin ba. Wannan yana damuna har yau.

Ban ce kada a ci gaiwa ba. Abinci ce, ana cinta ɗanya a dafa, ana kyafe ta a kai kasuwa, ko da yake na san gidajen da ba sa cinta saboda kamarta da maciji. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In kun tarar da namiji a kan gurbi da damina, ku ƙyale shi, don in kun ɗauke shi kun kashe ɗaruruwan da yake gadi. In ana haƙo ta da rani, kada a tone tafki kakaf, a bar wani ɓangare. In kana noman rani a gindin tafki, bar wa mafi zurfin wurin ƙasarsa, ba zai rage maka buhu ba. Kada ka wanke tankin feshi a kududdufi. In ka ga mai zuba guba a ruwa, a sanar da Sarkin Ruwa ko mai gari, don ruwan na kowa ne. Can Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ai hana su ake yi a wurin sai ranar biki, shi ya sa ake samun abin nunawa. Dabarar hutar da ruwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa.

Sannan ku matasa masu waya a hannu, ga aiki. In akwai tsohon masunci a gidanku ko a unguwarku, ku zauna da shi ku danna rikodin. Ku tambaye shi sunayen kifayen gulbinmu, wanne ne ya ɓace, wane tafki ne ba ya ƙafewa a da, yaya ake gane ramin gaiwa. Ɗaliban da ke karanta kimiyyar halittu ko kiwon kifi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da sauran makarantu, ga abin bincike a ƙofar gida, ba sai an kwafo na wata ƙasa ba.

Shi kuma ƙanena na Legas, ga amsarka: naka yana tsalle ne a inda ruwa ba ya ƙarewa. Namu yana can ƙarƙashin ƙasar da ka taka ka je tasha, ya naɗe wutsiya a fuska, yana jiran Yuni.

Ku faɗa mana, a garinku me kuke ce mata, gaiwa ko mai mama ko wani sunan daban? Kuma wa ya taɓa haƙo ta da hannunsa? Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gonarsa da gulbinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.